Lurwanu da Harsashin Cokalin Shayi

A unguwar Ƙurban, ba nisa da masallacin Ƙuba, akwai wani mai walda da ake kira Lurwanu. Ƙofofin ƙarfe da tagogi yake yi, kuma ƙofarsa ba ta da laifi, in ban da cewa wani lokaci sai an tallafa mata da kafaɗa kafin ta rufu. A Madina aka haife shi, a Madina aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga Damagaram a ƙafa, ya yi hajji, ya zauna. Wannan kakan kuwa ba ya hutawa a bakin Lurwanu. In ana hirar noma, kakansa ya fi kowa. In ana hirar farauta, kakansa ya taɓa kashe zaki biyu da harbi ɗaya, don sun yi kuskuren tsayawa a jere.

Wata Juma'a a shekarar 1976, Mahmudu, yayan matarsa Ƙaltume, ya zo daga Khaibar, inda yake da gonar dabino da garken awaki. Bayan an ci shinkafa an kawo shayi, sai Mahmudu ya yi ajiyar zuciya.

"Kyarkeci ya dame ni. Akuya uku cikin wata ɗaya."

Ƙaltume ta ce, "Yaya, ina bindigar Abuya, mahaifinmu?"

"Tana nan, da rukusarta, wato lasisinta, da komai. Harsashi ne babu, an daina kawo irin nata kasuwa. Baba Ashafa mai gadin gonata ne ke sake cika mini tsofaffin kwanso. To shi ma ya ce albarushin da ya dace da ita ya ƙare, sai an kawo daga Jidda, nan da wata guda. Kwanson ma suna mota, guda ashirin, ya wanke su ya sa wa kowanne kabsula a gindi, 'yar hular da ke kunna albarushi. Na zo da su ne in nuna wa mai shago samfur."

Lurwanu ya dire kofin shayinsa.

"Wata guda! Ya Abu Zaituna, kafin nan ai kyarkecin ya fara neman kajinka. Albarushi ai albarushi ne. Baƙin gari ne, a sa masa wuta ya tashi. Ba ni kwanson nan, ran Alhamis in kawo maka harsashin da zai huda kyarkeci ya wuce ya gaishe da na bayansa."

"Ka taɓa yi?"

"A jinina yake."

Ƙaltume ta ce, "Abu Ja'afar, bara ka gyara mini risho, sai da muka yi sati muna cin burodi da zaitun."

"Wannan risho ne, ya bintil halal. Ana maganar makami kina kawo kayan girki."

Mahmudu mutum ne mai kunya, ga shi yanzu ya gama cin shinkafar mijin ƙanwarsa. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya miƙa akwatin kwanson, ya koma Khaibar zuciyarsa ba daɗi.

Washegari Lurwanu ya rufe shago ya shiga neman albarushi. Ya bi maƙwabtan da ke harbin kurciya, ya karɓo tsofaffin harsasan bindigar tsuntsu, ya farke su da wuƙa ya zazzage. Bai isa ba. Ya tuna da wani gwangwani mai tsatsa da ya tsinta a kayan wani tsohon gida, babu rubutu a jikinsa, amma garin ciki baƙi ne, saboda haka ya ƙara. Ya ga har yanzu da saura, sai ya sayo abin fashewar da ake wasa da shi ranar idi, ya ɓare, ya juye. Ya haɗa duka a gwangwanin madara, ya rufe, ya girgiza kamar mai haɗa yaji.

Maƙwabciyarsu Iyatu, wata dattijuwa 'yar asalin Kano da ba abin da ke wuce ta, ta leƙo ta kan katanga tana shanya.

"Lurwanu, me ake dakawa haka ba a gayyace mu ba?"

"Ilimi ne, Hajiya. Kowane albarushi da halinsa. Wani mai sauri, wani mai ƙarfi, wani mai ƙara. Masana na amfani da ɗaya. Ni na haɗa su su taimaki juna."

"To Allah Ya sa su yi zaman lafiya."

Don ya nuna mata, ya ɗebi kaɗan ya zuba a kan bulo a tsakar gida, ya ƙyasta ashana, ya sunkuya don ya ga yadda zai kama. Ya kama. Wuta ta yi fuuu, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Da ya washe, sai ga Lurwanu zaune daɓas a ƙasa, girarsa babu, rabin gashin bakinsa babu, ɗaya rabin yana hayaƙi. Zanin Iyatu da ke kan igiya ya sami huda bakwai.

"Ya sattar!" in ji Ƙaltume daga ƙofar kicin. "Ina fuskarka?"

Lurwanu ya shafa goshi ya ji sumul. Ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Kun gani? Ɗan tsunkule ke nan. To ku auna cokali guda."

Iyatu ta ɗaga zaninta tana leƙensa ta cikin huda. "Na gani, wallahi. Ta wuri bakwai nake ganinka."

Sai maganar kan harsashi. A cikin akwatin akwai 'yan kawuna da Baba Ashafa ya ajiye a takarda, an rubuta nauyinsu. Lurwanu ya jinjina su a tafin hannu ya taɓe baki. Waɗannan ai na zomo ne. Kyarkeci sai mai nauyi. Ya yanko guntun bututu ya yi mazubi, ya samo darma a wurin mai gyaran mota, ya rasa abin narkawa, sai ya ɗauki tukunyar da Ƙaltume ke dafa madara.

"Ita ce tukunyar aurena!"

"Zan dawo miki da ita ta fi da kyau."

Darma ta narke tana sheƙi. Yana tsaye a kanta gumi ya ɗigo daga goshinsa, tunda babu girar da za ta tare shi, ya faɗa cikin tukunya. Darma ta yi tsalle ta sauka a kan babban yatsansa na ƙafa. Lurwanu ya zagaye tsakar gida sau uku da ƙafa ɗaya, yana kiran sunayen Allah waɗanda ya sani da waɗanda ya ƙirƙira a lokacin. Iyatu ta kira jikokinta su zo su ga rawar Damagaram.

Duk da haka ya zuba kawuna ashirin. Wani ya fito dogo, wani gajere, wani da ciki kamar ƙwallon dabino. Waɗanda suka ƙi shiga bakin kwanso ya goge su da zarto, waɗanda suka yi sako-sako ya naɗa musu zare.

Ƙaltume ta ce, "Ba za ka auna su ba? Ga sikelin da nake auna turare."

"Hannuna ya fi sikelinki. Shekara ashirin ina ɗaga ƙarfe."

Ranar Laraba ya jera kwanso a kan tabarma ya fara zuba albarushi da cokalin shayi. Ya zuba wa shida, aka yi sallama, wani ya zo ƙorafin ƙofarsa ta ƙi buɗuwa. Da ya dawo ya manta inda ya tsaya, sai ya fara daga tsakiya. Aka kira la'asar, ya tafi, ya dawo, ya fara daga ƙarshe. Guda ɗaya kuwa ya ware shi, ya cika shi har wuya, ya danna, ya ɗora masa kan da ya fi kowanne nauyi, ya shafa masa jan fenti. Wannan, in ji shi, na kyarkecin ne shi kaɗai.

Kafin magariba duk Ƙurban ta ji labari, don shi da kansa ya bi shago-shago. Ya yi wa mai shayi alkawarin wutsiya, ya yi wa liman alkawarin fata ya shimfiɗa. Da safiyar Alhamis mutum goma sha ɗaya suka cika wanet biyu, motocin a-kori-kura. Ƙaltume ta ce za ta je gaida matar yayanta, Iyatu kuma ta ce ita ba za a ba ta labari ba.

Suka isa Khaibar da hantsi. Gonar Mahmudu tana gefen baƙaƙen duwatsu, ruwa na bin 'yar kwata a tsakanin dabinai. Da Mahmudu ya ga yawan baƙi, ya sa aka yanka ɗan akuya. Baba Ashafa ya fito daga rumfarsa. Tsoho ne siriri, mutumin Tawa ta Nijar, ya yi aikin soja a ɗakin ajiyar makamai tun zamanin Faransa. Ya dubi fuskar Lurwanu ya daɗe yana dubawa.

"Sannu da hanya. Mi ya ci maka gira?"

"Aiki, Baba. Ga su nan."

Ya buɗe akwati da alfahari. Tsoho ya ɗauki harsashi ɗaya, ya ɗauki wani, ya jera su. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da rabin yatsa. Ya girgiza wani a kusa da kunne.

"Wane albarushi ka sa?"

"Haɗi ne. Sirrin gida."

"Haɗi." Baba Ashafa ya ajiye harsashin a hankali kamar ƙwai. "Da mi ka auna?"

"Cokali."

"Na miya ko na shayi?"

Mutanen Ƙurban suka yi dariya. Tsoho bai yi ba.

"Saurara, ɗana. Albarushin bindigar tsuntsu wuf shika ci, na wagga kuwa a hankali shika ci, yana tura harsashi har bakin bututu. In ka sa mai sauri cikin wagga, ba turawa zai yi ba, hwasawa zai yi. Ba a haɗa iri biyu, ko da wasa. Wanda ba ka san sunanshi ba, ba a taɓa shi. Kuma in kai ya ƙara nauyi, albarushi raguwa shikai."

"A'a, Baba, nan ka kauce. Jaki in ka ƙara masa kaya, ai ƙara masa abinci ake yi."

"Bindiga ba jaki ba ce. Ni da na shekara talatin a kai, ban zuba ƙwaya ɗaya sai na buɗe littahi na ga abin da aka rubuta wa wannan kai da wannan albarushi. In hwara daga na ƙasa, in auna a sikeli, in leƙa cikin kowane kwanso da idona kahin in ruhe." Ya ɗaga hannun hagu, yatsu huɗu ne. "Ranar da na yi gaggawa, ga abin da na biya."

Lurwanu ya juya wajen jama'arsa. "Kun ji? Mai littafi yatsa tara, ni marar littafi goma cif."

Mai shayi ya ce, "Amma shi yana da gira."

Baba Ashafa ya ce da Mahmudu, "Alhaji, ka bari in buɗe su in gani tukuna."

"Ba mai buɗe mini aiki!" in ji Lurwanu. "Abu Zaituna, a gaban mutane za a tozarta ni? Ni mijin ƙanwarka?"

Mahmudu ya dubi tsoho, ya dubi surukinsa, ya dubi baƙi goma sha ɗaya da suka yi tafiyar awa uku. Ya ce a ƙasa-ƙasa, "Ma'alesh, Baba, ka yi haƙuri. A gwada ɗaya."

"To bindigarka ce. Amma ba mai sa ta a kahwaɗa ina raye. A ɗaure ta ga dabino, a ja da igiya."

Lurwanu ya yi tsalle ya dire, ya ce shi ba matsoraci ba ne. Tsoho ya ce in harsashin na kirki ne, igiya ba za ta ɓata shi ba. Aka ɗaure bindiga a gindin wani dabino, aka saita ta ga wata tsohuwar garwa da aka ɗora a kan tudu, Lurwanu ya zana mata kyarkeci da gawayi, wanda Iyatu ta ce ya fi kama da tunkiya mai mura. Ya yanko igiya kamu biyu. Tsoho ya ƙara mata kamu ashirin, ya kora kowa bayan katangar laka. Lurwanu ma ya bi su, yana cewa shi inuwa kawai yake nema.

"Bismillahi. Ku toshe kunne!"

Ya ja. Bindiga ta ce fus, kamar an buɗe kwalbar lemo.

Wata akuya ta yi kuka.

"Ya tafi," in ji Lurwanu. "Saurinsa ne ya sa ba ku ji ba. A sa na biyu."

Baba Ashafa ya jira ɗan lokaci, sannan ya je ya buɗe bindiga ya leƙa bututu. Duhu. Kan harsashin ya maƙale a tsakiya, don kwanson babu ko ƙwayar albarushi, kabsula ce kaɗai ta tura shi.

"To a sa wani ya turo shi mana," in ji Lurwanu.

"Haka aka yi wa wani abokina. Yanzu da hagu shika cin tuwo."

Tsoho ya zura sandar ƙarfe ya yi ta bugawa har guntuwar darmar ta faɗo. Ya ɗauka ya sa wa Lurwanu a hannu. "Riƙe. Ya yi tahiyar taƙi ɗaya, ya gaji."

Aka sa na biyu. Wannan ya tashi da ƙara mai tsanani, har tsuntsaye suka watse daga dabinai. Kyarkecin gawayi yana nan lafiya lau. Amma can gefe, kamu goma daga garwa, durom ɗin da awaki ke shan ruwa ya fara fitsari ta gefe.

"Iska ce," in ji Lurwanu. Ko ganye ba ya motsi.

Baba Ashafa ya je buɗe bindiga, makullin ya ƙi. Sai da ya buga da tafin hannu sannan ya buɗu. Ya zaro kwanson ya kai wa Mahmudu. Ya tsage a gefe, gindinsa ya baje.

"Ka gani, Alhaji? Magana ce ta yi. Ta ce an hi ƙarhinta. Ba ta sake hwaɗi sau biyu."

Mahmudu ya juya kwanson a hannu. "Halas. Ya isa. A kwance ta."

Lurwanu ya ji mai shayi yana tambayar liman ko wutsiyar durom za a ba shi. Ya ji Iyatu tana shewa. Kunnuwansa suka yi zafi. Yayin da mutane suka taru a kan tsagaggen kwanso, sai ya sulale ya je gindin dabino, ya zaro mai jan fenti daga aljihu, ya cusa, ya danne makullin da gwiwa, ya dawo da gudu ya cafki igiya.

"Yanzu za ku ga aiki!"

"Ku kwanta!" in ji Baba Ashafa, ya ture Mahmudu ƙasa.

Abin da aka ji ba ƙarar bindiga ba ce. Ƙasa ta girgiza, dabino ya zubo kamar ƙanƙara. Wani abu ya yi fiii ya wuce ta kan katanga. Awaki suka banke shingensu suka bazu cikin baƙaƙen duwatsu, jakin maƙwabci ya tsinke igiya ya bi su. Lurwanu kuwa ya ja da baya, ya ja da baya, ya tafi ruf cikin kwatar ruwa, ƙafafu a sama, igiya a hannu.

Da hayaƙi ya lafa aka ƙirga mutane, kowa na nan da gaɓoɓinsa. Bindiga ce babu. Bututun ya tsage gida uku ya buɗe kamar ɓawon ayaba, ƙotar ta farfashe. Mahmudu ya durƙusa ya ɗauki wani guntun katako, inda mahaifinsu ya ƙona sunansa da ƙusa mai zafi shekara arba'in da suka wuce. Rabin sunan ne ya rage. Ya share shi da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. Ƙaltume, da ta fito da gudu daga cikin gida, ta ga abin da ya ɗauka, ta rufe baki da mayafi.

Aka tsamo Lurwanu yana ɗigar ruwa, ganyen dabino a ka. Baba Ashafa ya kama hannunsa ya kai shi wani dabino da ke bayan katanga. Makullin bindigar ne ya nutse a jikin itacen, sai ɗan gindinsa ake gani.

"Da ka sa ta a kahwaɗa, nan ne idonka na dama."

Lurwanu ya dubi ƙarfen. Ya kau da kai ya shiga matse rigarsa, ya ce sanyin ruwa ne ya dame shi.

Tsoho ya sa aka kawo faranti, ya zauna a tsakiyar jama'a, ya shiga zare kawunan sauran harsasan ɗaya bayan ɗaya yana zazzagewa. Na farko babu komai. Na biyu cike har wuya. Na uku da guntun jar takardar wasan idi. Na huɗu da wani abu fari-fari, ya shinshina, ya miƙa wa Ƙaltume.

"Sukari ne," in ji ta. "Bai ma wanke cokalin ba."

Maƙwabcin mai jaki, wani Balarabe mai faɗin ƙirji, ya iso yana haki. "Min sawwa haza?" Wato, wa ya yi wannan?

Mutum goma sha ɗaya suka juya suka dubi Lurwanu. Shi kuwa ya kafa hannu a bayan kunne ya ƙura ido.

"Eh? Me ya ce? Ba na ji! Ƙarar ta kashe mini kunne!"

Liman ya matso ya yi masa magana da ƙarfi. Lurwanu ya girgiza kai cikin tausayin kansa. Mahmudu ya tambaye shi me zai ce game da bindigar Abuya. Lurwanu ya nuna kunne, ya ɗaga hannu sama, wato ƙaddara. Har wasu suka fara cewa a kai shi asibiti.

Ƙaltume ta dube shi ta gefen ido. Ta juya wajen matar yayanta da ke bakin ƙofa, ta yi magana a hankali, yadda ko na kusa da ita sai ya kasa kunne.

"Nama ya yi? To hantar nan da aka ajiye wa Abu Ja'afar, a ba Baba Ashafa."

"Wace hanta? Tawa?" in ji Lurwanu daga kamu goma.

Dariyar da aka yi har Balaraben da bai ji Hausa ba sai da ya riƙe ciki. Mahmudu ma, duk da abin da ke ransa, sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya natsu ya nuna baƙaƙen duwatsu, inda rana ta take tana dukan su.

"Alhamdu lillahi, kunne ya warke. Awakina goma sha tara ne, da jakin bawan Allah nan. Za ka ji kukansu. Kada ka dawo da goma sha takwas."

Lurwanu ya dubi duwatsun, ya dubi ƙafarsa mai ƙuna. "Haka zan shiga, hannu sake? Kyarkecin fa?"

Baba Ashafa ya jawo sandar kiwo daga jikin rumfa ya miƙa masa.

"Ungo. Wagga ba ta son awo."

Ya tafi yana ɗingishi, rigarsa na ɗiga, yana kiran awaki da muryar da ba su sani ba. Tsoho kuwa ya wanke hannu, ya jawo farantin hanta gabansa, ya yi bismilla.